Zariya zuwa Agege da Hajiya da yara: ta ina za a bi, a ina za a kwana?

Baban Sadik, Tudun Jukun:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san hanyar kudu. Ƙanwata da ke aure a Agege za ta aurar da 'yarta ta fari a mako na uku na Disamba, ɗaurin aure ranar Asabar. Mu bakwai ne za mu je a Sienna ɗina: ni da maiɗakina, yara uku, ƙanena Nura da zai riƙa karɓa ta tuƙi, sai Hajiyarmu. Hajiya ta haura shekara 70, tana da ciwon suga, gwiwa ma tana damunta, kuma ta ce jirgin sama ba za ta shiga ba. Niyyata mu tashi Alhamis da asuba, mu kwana ɗaya a hanya, mu shiga Legas Juma'a. Ta Lakwaja za mu bi ko ta Makwa da Jabba? Kuma a wane gari ya fi dacewa mu kwana?

Abba, Samaru:
Wa alaikumus salam Yaya. Ta Lakwaja kawai. Ku tashi ƙarfe 4 na asuba, kafin 9 kun wuce Zuba, ku kwana Akure. Washegari kafin Juma'a kuna Agege. Tun da ku biyu ne masu tuƙi ai babu wata wahala. Na duba a Google Maps, duka tafiyar kusan kilomita 1,000 ce.

Alhaji Direba, Kwangila:
Abba, wannan lissafin na samari ne masu tafiya su kaɗai. Alhaji Baban Sadik, kada ka ɗauke shi. In ka bar Ɗanmagaji ƙarfe 4, Kaduna kilomita 80 ce, titin kuma ya yi kyau, kafin 5 da rabi ka fita ta Gonin Gora. Ka ga ke nan Rijana da Katari a cikin duhu za ka ratsa su, ga hazon Disamba wanda ko da rana ba ka hango tirelar da ta lalace a gabanka sai ka zo daf da ita. A watan nan rana ba ta fitowa a Zariya sai ƙarfe 6 da rabi ta gota, tana faɗuwa jim kaɗan bayan 6 na yamma. Abin da ke tsakanin nan shi ne jarinka, kada ka ci bashin dare.

Ga yadda hanyar take. Zariya zuwa Kaduna 80, Kaduna zuwa Abuja wajen 190, Abuja zuwa Lakwaja wajen 200. Aikin titin Abuja zuwa Kano tun 2018 aka fara shi, kuma tsakanin Kaduna da Abuja ne aka fi samun wuraren da ake haɗe motoci a hannu ɗaya. Wayar ba ta san wannan ba. Ba ta san shingen bincike ba, ba ta san yaro zai ce zai yi fitsari ba. In kun yi sallar asuba a gida kuka tashi gari na wayewa, azahar za ta same ku wajen Gwagwalada, ku haye gadar Murtala ta Jamata bayan Kwatankarfe, ku shiga Lakwaja da la'asar. Nan za ku sauka. Kada ganin sauran rana ya ruɗe ka ka ce bari a taɓa Okene. Daga can hanya ta zama hannu ɗaya, ga duwatsu da kwanoni, ga tirelolin siminti.

Malam Ɗanjuma, Sabon Gari:
Ni kuma ban yarda da Lakwaja ba a Disamba. Duk wanda zai tafi gabas da kudu hutun Kirsimeti daga Abuja da Kaduna da Kano, ta gadar nan ɗaya zai bi. Tirela ɗaya ta faɗi a Kwatankarfe, an kwana a titi. Ku tuna 2012 da 2022 da ruwa ya shanye hanyar a daidai wurin, mutane suka yi kwanaki. Hanyar iyayenmu ita ce ta Jabba. Ka karya ta mahaɗar Dikko kafin Suleja, ka bi Lambata, Lapai, Agaie, Bidda, ka haye kogin Kaduna a Wuya, Kutigi, Makwa, gadar Jabba, ka kwana Ilori. Garin Musulmi ne, masallaci ko'ina, abinci ba ka da shakka a kansa. Washegari Ogbomosho, Oyo, Badun, Legas.

Alhaji Direba, Kwangila:
Malam Ɗanjuma, ambaliya ta damina ce, a Satumba da Oktoba ake yin ta, ba a Disamba ba. In kuma ruwa za a lissafa, gadar Tatabu tsakanin Makwa da Jabba ta karye a 2017, Makwa kanta kowa ya ga abin da ya same ta a watan Mayun 2025, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Maganar cunkoson Kirsimeti gaskiyarka ce, ban musa ba. Amma hanyar Lambata zuwa Bidda ta tankoki da tireloli ce, su suka mallake ta, kuma in ta cushe babu gefen da ƙaramar mota za ta raɓa. Sannan Zariya zuwa Ilori a wuni ɗaya da tsohuwa a mota? Dare zai yi musu tsakanin Jabba da Bode Sa'adu. Ni ba zan ba ɗan'uwana wannan shawarar ba.

Malam Ɗanjuma, Sabon Gari:
To ai sai su kwana Bidda.

Alhaji Direba, Kwangila:
In sun kwana Bidda, kwana biyu ya kama su ke nan ko ta wace hanya. Wannan ita ce maganar da ya kamata a gaya wa Alhaji tun farko.

Sani, Gyallesu:
Ba wanda ya ambaci Birnin Gwari. Kaduna, Buruku, Birnin Gwari, Tegina, Makwa, ai ita ce mafi kusa a da. An ce tun sulhun da aka yi a ƙarshen 2024 motoci sun dawo bi.

Alhaji Direba, Kwangila:
Manyan motoci da 'yan kasuwa suna bi. Mai iyali da mata da yara kada ya zama shi ne zakaran gwajin dafi.

Maman Ilham, Ƙofar Doka:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in sa baki, tun ɗazu ina karantawa, kilomita kawai ake ƙirgawa, ba wanda ya tambayi Hajiya awa nawa za ta iya zama. Baban Sadik, tafiyar nan ba da ƙarfin motarka za ka auna ta ba, da ƙarfin Hajiya za ka auna ta. Mai ciwon suga tana yawan buƙatar bayan gida, kuma iyayenmu mata kunya ba za ta bar su su ce wa ɗansu ya tsaya ba, balle ga suruka ga jikoki. Abin da take yi sai ta daina shan ruwa tun daren tafiya, ta ƙi cin abinci. Ta sha maganin suga da safe ciki babu komai, rana ta yi, jiri ya ɗebe ta a tsakiyar daji. Na ga haka da idona a wata tafiya da muka yi da surukata, ba na fatan kowa ya gani.

Don haka kai za ka riƙa tsayawa ba tare da an roƙe ka ba. Duk awa biyu ka shiga babban gidan mai da ke da masallaci da banɗaki, ka ce kai ne kake son ka miƙe ƙafa. Maman Sadik ta fara shiga ta duba wurin, in ba shi da kyau a ƙara gaba. A tafi da buta biyu, jarkar ruwa daban da ta sha, sabulu, fo na ƙaramin yaro, da zane babba wanda za a iya yin labule da shi in ta kama dole. Hajiya ta taka ƙafarta ko taku ashirin ne a kowace tsayawa, saboda dogon zama yana kumbura ƙafa. Maganinta da na'urar gwajin suga su zauna a jakar hannunta, kada a cusa su cikin but ƙarƙashin kayan biki. Dabino ko alewa a kusa da ita saboda in sugan ya sauka. Kuma kafin tafiyar a kai ta ta ga likitanta, a gaya masa kwana nawa za a yi a mota.

Kwana ɗaya ba zai yi ba. Ku tashi Laraba.

Anti Bilki, Hanwa:
Allah ya saka miki da alheri Maman Ilham, kin faɗi abin da ke raina. In ƙara da na ci: dambun nama, soyayyar kaza wadda aka soya ta bushe sosai, gurasa ko burodi, dafaffen ƙwai na ranar farko kawai, cincin na yara, ruwan zafi a filas. Fura da nono kada ta wuce azahar ɗin ranar farko, tana yin tsami a mota ta ɓata wa yara ciki. Yaron da ke amai a mota a zaunar da shi inda yake ganin gaba, kada a ba shi waya ya duƙufa a kai, a ajiye leda da lemun tsami kusa.

Baban Sadik, Tudun Jukun:
Na gode ƙwarai. Maganar Maman Ilham ta shige ni, don kuwa halin Hajiya ke nan sak. Damuwata kuɗin masauki na dare biyu, ɗaki biyu biyu, ga mai. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 cika tankin Sienna ba ƙaramin abu ba ne, sama da lita 70 yake ci, kuma zuwa kaɗai sai an cika kusan sau biyu.

Baba Liman, Kwarbai:
Assalamu alaikum. Ɗana, me ya kai ka otal alhali kana da jama'a? Zumunci a ƙafa yake. Lakwaja akwai Hausawa da Nufawa tun kafin Turawa su kafu, sarkin garin ma Maigari ake ce masa, a tsohon gari da Hausa za ka yi ciniki. Badun kuwa unguwar Sabo tun 1916 take, fataken goro da na shanu suka raya ta, akwai zuriyar Zage-zagi a ciki. Mu da muka yi zamanin jirgin ƙasa, daga tashar Zariya ake hawa, Kaduna, Minna, Zungeru, Jabba, Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abeokuta, har Agege da Iddo, ba wanda yake tunanin otal. Ka sauka ka tambayi gidan Sarkin Hausawa, an ba ka tabarma da tuwo. Ɗan ƙanena yana Sabo da iyalinsa, in kana so in yi masa magana.

Maman Ilham, Ƙofar Doka:
Allah ya ƙara girma Baba. Maganarka gaskiya ce, amma a taimaka a duba ɓangaren matar gidan. Mutum bakwai su sauka mata da magariba, gidajen Sabo kuma kowa ya san ƙunci gare su, banɗaki ɗaya gida guda. Ita za ta tashi yaranta daga ɗaki, ta ɗora tukunya da dare, ta kwana tana dafa ruwan wanka. Ba za ta taɓa nuna gajiya ba, amma nauyi ne. In za a sauka gidan mutane a sanar da su tun mako guda, a faɗi adadin mutane, a faɗi cewa akwai tsohuwa mai ciwon gwiwa da ba ta iya tsugunno. A tafi musu da tsaraba ta kirki, daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, man shanu, abin da suke marmarinsa a can.

Baba Liman, Kwarbai:
Haka ne 'yata. Shi ya sa na ce in yi magana tun yanzu. Mata su kwana a cikin gida, Alhaji da ƙanensa su nemi ɗaki ɗaya a kusa. An rage kuɗi, an kuma sada zumunci.

Injiniya, Palladan:
Wannan tsarin na Baba ya yi a Badun. A Lakwaja kuwa tun da ba ku da kowa, otal ɗin za a kama, kuma a kama shi tun daga Zariya, ba sai an isa a gajiye ana zagaye gari da yara suna kuka ba. Satin nan ɗakuna suna cika da wuri. Ka sa wani da ke garin ya je ya gani da ido, hoton intanet ba abin dogaro ba ne. Abin da za a tambaya: akwai katanga da maigadi inda mota za ta kwana? Akwai ɗaki a ƙasa saboda Hajiya? Janareta har ƙarfe nawa yake kai wa? Ruwa yana zuwa? Sai babbar tambaya, akwai mashaya ko wurin kiɗa a harabar? Wani wurin da rana shiru, ƙarfe 10 na dare sai ganga ta tashi har asuba, direba bai runtsa ba. Lakwaja a bakin ruwa take, zafi gare ta ko a lokacin da muke rawar sanyi a nan, sauro kuma ba a magana. Ku tafi da maganin sauro.

In kun isa da sauran rana, ka kai yara su ga inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu, daga kan dutsen Patti ana hango shi sarai. Abin da suke karantawa a makaranta ne.

Malama Hadiza, Kongo:
Tun kafin nan ma akwai abin nuna musu. Dutsen Zuma da ke jikin takardar naira 100 yana gefen titi kafin Zuba. Kuma a gaya musu Suleja 'yan'uwanmu ne, sarautarsu Sarkin Zazzau ce har gobe. Zuriyar sarakunan Haɓe ne da suka bar Zariya lokacin jihadi tare da Sarki Makau, ƙanensa Abu Ja ya kafa garin a 1828, sunan Abuja ma nasu ne kafin a ba babban birnin tarayya. Yaro Bazazzagi bai kamata ya wuce wurin yana barci ba.

Abba, Samaru:
To Yaya Injiniya, in kuɗi ne matsalar, me zai hana Hajiya da mata su hau jirgin ƙasa? Rigasa zuwa Idu, sannan daga Moniya a Badun akwai wanda ke tsayawa a Agege.

Injiniya, Palladan:
Layukan ba su haɗu ba, Abba. Na Kaduna a Abuja ya tsaya, na Legas a Badun ya tsaya, tsakiyar da ta fi wahala dole sai mota. Raba iyali gida biyu a hanya kuma wani ciwon kan ne, ga hawa da sauka da gwiwar Hajiya. Na Moniya zuwa Agege dai zai yi amfani in an ji labarin titin Legas ya toshe a ranar.

Alhaji Direba, Kwangila:
Rana ta biyu ga yadda za ta kasance. Ku bar Lakwaja ƙarfe 7, tanki cike tun daren jiya. Okene, Ibillo, Owo, Akure, Ilesha, Ife, Badun. Tsakanin Okene da Owo kada ku tsaya a daji ko don me, in taya ta yi faci ma a lallaɓa zuwa inda mutane suke. Ku bi ayarin motoci, in ka ga titi ya yi tsit babu mai zuwa daga gaba, ka rage gudu ka tsaya a gari na kusa ka tambaya. In wayar ta ce ga gajeriyar hanya ta cikin ƙauye, kada ka bi. Da la'asar kuna Iwo Road a Badun insha Allahu. Rana ta uku Badun zuwa Legas bai kai kilomita 130 ba, amma ku fita da sassafe, domin daga Shagamu zuwa Kara da Berger akwai manyan wuraren taron ibada a bakin titin, kuma Disamba lokacin tarukansu ne. Kuna iya samun Juma'a a Agege.

Labarin tsaro kuma na yau daban na gobe daban. Ana gobe tafiya ka zo tasha, mu tambayi direbobin da suka shigo daga Legas a ranar. Su ne jaridar hanya.

Usman Bakanike, Muciya:
Alhaji, motar fa? A yi juyen baƙin mai mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don in akwai abin da bai zauna daidai ba ya nuna kansa a cikin gari. Birki, ruwan lagireto, fanbel, fitilu, abin share gilashi. Taya ita ce babba. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 2319, mako na 23 ne na 2019. Jami'an kiyaye haɗura shekara 4 suke ba taya, kuma yawancin na gwanjo sun wuce haka ko da zanensu bai cinye ba. Mutum bakwai da kayan biki a kan tsohuwar taya, titi ya yi zafi, ita ce take fashewa. A duba iskar safaya, a tabbatar jak yana ɗagawa.

Barista, GRA:
Takardu kuma na asali, ba hoto a waya ba: lasisin ku biyun, takardun mota, inshora, shaidar lafiyar mota, izinin gilashi mai duhu in akwai shi. Abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku ta ajiyewa a titi. Daga Okene zuwa gaba shingaye suna da yawa, lambar Kaduna kuma tana jawo tambaya. A sauke gilashi, a gaisa, a ba da abin da aka tambaya, kada Nura ya yi musu da kowa. Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa. Kada a sa wuƙa babba ko adda a mota da sunan za a yi aikin biki, a saya a can. Kowa ya ɗaura bel, yara 'yan ƙasa da shekara 12 a baya. Lambar jami'an kiyaye haɗura 122, ta gaggawa 112.

Anti Bilki, Hanwa:
Kuma don Allah a hana yara da Nura sa hoton tafiya a Facebook ko a sitatus ana cikin hanya. In an isa lafiya a sa duk abin da ake so. Mutum ɗaya a gida ya san inda kuke a kowace tsayawa, ya isa.

Nura, Tudun Jukun:
Na ji Anti, ba zan sa ba. Tambayata ga Baba Liman, yaya za mu yi da salla? Tun daga gida za mu fara ƙasaru?

Baba Liman, Kwarbai:
A'a ɗana, sai kun fita daga gine-ginen gari. Tafiyar da ake yi wa ƙasaru mil 48 ce, wajen kilomita 80, taku ta ninka haka sau da yawa. Azahar da la'asar da lisha raka'a biyu biyu, magariba da asuba suna nan yadda suke. An yi wa matafiyi sauƙin haɗa azahar da la'asar, wannan zai rage muku tsayawa a inda ba ku natsu da shi ba. In kun bi limamin gari mazauni, ku cika tare da shi. A Lakwaja da Badun matafiya ne ku. A Agege kuwa in kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, daga isarku za ku koma cikawa. Hajiya in tsayuwa ta gagare ta, ta yi a zaune, babu laifi.

Malam Ɗanjuma, Sabon Gari:
Ni dai har yanzu ina kan bakana game da cunkoson Kwatankarfe. In sun tashi Laraba da sauƙi, amma dawowa fa? Kada su kuskura su kamo hanya 23 ko 24 ga wata, ko ta ina ne.

Alhaji Direba, Kwangila:
A nan mun haɗu. Ko su juyo Litinin, ko su zauna sai an sha bikin Kirsimeti. In an ga labarin hanyar Jabba ya yi daɗi a lokacin, su dawo ta can su kwana Ilori da Suleja, Hajiya ta ga gadar Jabba.

Baban Sadik, Tudun Jukun:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na je na sami Hajiya yanzu na karanta mata, ta ce Laraba ta yi mata, kuma a gaya wa Maman Ilham ta gode. Baba Liman, a taimaka a yi wa ɗan'uwan na Sabo magana, mata biyu ne da ƙananan yara biyu, Sadik zai kwana tare da mu. Injiniya, ko kana da wanda zai duba mana masauki a Lakwaja?

Injiniya, Palladan:
Akwai abokin aikina a can, zan tura maka lambarsa ta akwatinka.

Usman Bakanike, Muciya:
Kawo motar Asabar da safe kafin gareji ya cika. Ka zo da safayar a ciki, da takardun, mu duba ranar da inshorar za ta ƙare.